Jeren Tiren da Ya Watsa Mini Makaranta

Assalamu alaikum. Edita, ina roƙon a ba ni fili a wannan shafi, a kuma sakaya sunana. Waɗanda abin ya faru a gabansu za su gane ni ko babu suna, sauran masu karatu kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba.

A lokacin da abin ya faru ni matar ɗalibi ce a Kuala Lumpur. Maigidana ya samu tallafin karatun digiri na uku, ya taho da ni da 'yarmu guda ɗaya, muka kama haya a wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju. Na yi karatun Arabiyya da addini tun a Kano, kuma ina da baki, wannan ba zan ɓoye ba. Ni ce matar da za ki gani a kanti tana jujjuya fakitin biskit tana neman tambarin halal, in ba ta gani ba ta mayar, sannan ta juyo ta ce ke ma ki mayar da naki. Matan 'yan uwanmu har suna suka laƙaba mini, wai hukumar halal, ni kuwa ina jin daɗin sunan har cikin raina. Da na ga yaranmu suna tasowa bakinsu sai Turanci da Malay, Fatiha ma sai an ja su, sai na buɗe musu karatu a falona ranakun Asabar da Lahadi da yamma. Da 'ya'yan maƙwabta muka fara, kafin shekara ta zagayo har daga unguwar Setapak ana kawo mini yara. Maigidana kullum yana ɗakin gwaje-gwaje, dangi suna nesa, don haka makarantar nan ita ce abin da nake tashi dominsa. Idan yara suka ce mini Malama sai in ji ni ma na zo ƙasar nan da wani abin yi, ba rakiya kawai na yi ba.

Akwai wani abu kuma game da ni da ya kamata ku sani. A hannun kakata na tashi, a cikin gari, kuma ɗakinta jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi. Kwalla, samira, fanteka, tasa, a can sama kuma tire-tire masu furanni an jingina su da bango. Duk Juma'a ni ke sauke su in goge in mayar, tana zaune tana faɗa mini wanda aka saya ranar aurenta da wanda aka kawo mata daga Makka. Ita ta koya mini cewa idan maƙwabciya ta aiko da abinci ba a mayar mata da kwano wayam, ko goro ne, ko ɗan gishiri, sai an saka wani abu. Da ta rasu aka raba jeren, 'yan zamani suka ce tarkace ne, wasu aka ba masu gwangwan. Ni ko murfi ɗaya ban samu ba, kuma abin ya daɗe yana cina.

A benenmu akwai wata baiwar Allah da ta riga ni zuwa da shekaru, mijinta malami ne a wata kwaleji. Ita ta tarbe ni. Ita ta koya mini shiga jirgin ƙasan cikin gari da suke kira LRT, ita ta kai ni layin 'yan yadi na Jalan Masjid India na sayi yadi da hijabai, ita ke yi mini ciniki ko'ina don Malay a bakinta kamar a nan aka haife ta. Kwanukanmu kullum suna hanya tsakanin hawana da nata, in aika da tuwo, ya dawo da cincin. Yaya nake ce mata, kuma har ga Allah yaya na ɗauke ta. Gwanar kek ce, duk sunan da za a yi ko walima ita ake nema. Wata rana a wajen wani suna a Setapak na shiga kicin na ga 'yar kwalbar ƙamshin da take ɗigawa a kek, na ɗauka na karanta kamar yadda na saba, sai na ga akwai barasa a ciki. Maimakon in ja ta gefe, sai na fito falo da kwalbar a hannu na sanar da mata, har da ɗan wa'azi. Aka mayar da kek ɗin kicin ba wanda ya taɓa. Ita kuwa ta yi dariya, ta ce Allah ya saka mini da alheri da na ankarar da ita. Na koma gida ina ganin na yi aikin lada, kuma a wajena magana ta wuce.

Ba a daɗe ba ta ce in shirya ranar Lahadi da safe za ta kai ni wani wuri da zai tuna mini da kakata, don na sha ba ta labarin jeren. Kasuwar tsofaffin kaya ce da ke ci a ƙasan wani babban kanti, ana baza agogo da rediyo da tsabar kuɗin zamanin da, da sauran tarkace. Ta ja ni kai tsaye zuwa teburin wani tsoho ɗan China. Ina ganin kayansa ƙafafuna suka tsaya. Tire-tire ne na ƙarfe masu fenti, irin na kakata sak, gefensu ya ɗan ɓantare, launinsu ja da shuɗi da ruwan ƙwai. Wasu akwai hoton kwalba da kofi mai kumfa a jiki, da sunan giya ɓaro-ɓaro da Turanci, waɗannan na kau da kai ina a'uziyya. Amma a gefe akwai wasu da babu kwalba, sai furanni, ko jirgin ruwa, ko wani farin tsuntsu mai dogayen ƙafafu a tsakiyar zangarniyar hatsi, da rubutun China a zagaye. Na ɗauki mai tsuntsun, na ji sanyin ƙarfen a tafin hannuna, wallahi sai da hawaye ya zo mini. Tsohon ya dube ni, ya dubi hijabina, ya yi wa Yaya wata doguwar magana da Malay. Ta ba shi amsa tana murmushi, shi kuma ya ɗaga kafaɗa. Na tambaye ta me ya ce, ta ce wai na tsofaffin shagunan shayi ne, rubutun kuma fatan alheri ne da arziki, yana ma yaba idona da na iya zaɓe.

Daga ranar na kamu. Duk Lahadin da na samu sarari sai mun je, kuma kullum tsohon yana da wasu a ajiye a ƙarƙashin tebur, masu tsabta, babu kwalba babu Turanci. Na tara tire, na tara 'yan faifan ƙarfe da ake ɗora kofi, na samu kofunan gilashi masu bakin zinare da hoton tsuntsun nan, har da wani madubi mai rubutu a goshinsa. Na koyi gane tsoho daga sabon da aka tsufar, ta nauyi da irin tsatsar bayansa. Na sa aka kafa mini katako a bangon falo na yi jere, duk Juma'a in sauke in goge in mayar. Maigidana yana tsokanata wai ya auri mai gadin gidan tarihi, bai taɓa tsayawa ya duba ba, ni ma ban nemi ya duba ba. Na san wani zai ce me ya hana ni ɗora waya a kan rubutun ta fassara mini. Amsar ita ce ban ga dalili ba. Yayata ta riga ta gaya mini, kuma ni ba na bincikar maganarta yadda nake bincikar fakitin biskit.

Da na haifi ɗana na biyu, ranar suna Yaya ta shigo da wani abu a naɗe. Tire ne babba, wanda ya fi duk nawa girma da kyau, tsuntsun ya buɗe fukafukai, fentin ko ƙwarzane babu. Ta ce ita kaɗai ta je ta zaɓo mini. Na rungume ta ina kuka. Saboda darajarsa ban jingina shi da bango ba, na shimfiɗa shi a kan katako mafi tsayi, kuma tunda nan ne wuri mafi tsabta da ɗaukaka a gidan, a kansa nake jera Alƙur'anan yara idan an tashi daga karatu. Haka muka yi ta yi wata da watanni. A gaban bangon nan yara ke zama, a gabansa iyaye ke ɗaukarsu hoto suna tura wa kakanninsu a gida. 'Ya'yan Yaya ma suna cikin ɗalibaina, ita da kanta take rako su, ta zauna ta sha shayi a kofin nan mai bakin zinare tana kallon jeren.

Da yara suka yi yawa falo ya yi mana kaɗan. A ƙasan benenmu akwai ƙaramin masallaci da suke kira surau, kuma akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar da ke kula da ɓangaren mata. Mun saba gaisawa, tana son jin karatun yaranmu, ta ce za ta yi magana a ba mu wurin mu riƙa karatu, amma tana so ta fara zuwa ta gani. Sai na haɗa zuwanta da walimar yaran da suka haɗa izu biyu. Na yi waina da miyar taushe, na zuba dabino a kan tire-tirena, na cika kofunan nan da zoɓo. Iyaye mata sun cika falo, yara sun sha ado. Dattijuwar ta yi sallama da fara'arta, ta cire takalmi, ta ɗago kai, sai fara'ar ta ɗauke. Ta bi bangon da kallo har idonta ya kai katakon sama. Ta ratsa mata, ta yi ɗage duk da tsufanta, ta kwashe Alƙur'anan daga kan tiren, ta rungume su a ƙirji tana waige-waigen inda za ta ajiye. Har yau idan na rufe ido ita nake gani tsaye a tsakiyar falona da littattafan a ƙirjinta.

Ta so ta yi mini magana a hankali, amma falon ya yi tsit, kowa yana ji. Ta ce a kusa da shagon wasu 'yan China ta tashi, kuma irin waɗannan tire kamfanonin giya ne ke raba wa shaguna a zamanin da don talla, a kansu ake kai wa mashaya kwalabe. Tsuntsun nan tambarin wata giya ce da aka daina yi, rubutun kuma sunanta ne da kirarinta. Na ce mata ba haka ba ne, na shayi ne. Wata daga cikin matan ta ɗora wayarta a kan tiren da dabino ke kai, nan take wayar ta fassara, ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba. Na ga wata ta ajiye kofin zoɓonta a hankali tana goge baki da gefen mayafi. Na juya ina neman Yaya da ido don ta faɗa musu abin da tsohon ya ce mana. Sai na same ta ta dafe ƙirji tana salati, tana cewa yau mun shiga uku. Ita ce ta fara tattara 'ya'yanta ta fita, sauran suka bi bayanta, waina ko taɓawa ba a yi ba.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja ba. A zauren mata na waya aka yi ta kaina. Wasu suka ce matar da ta iya gano barasa a cikin kek ba za ta ce ba ta gane tiren giya ba. Wasu suka ce in ma ban sani ba, to wadda ba ta san abin da ke bangonta ba ta yaya za a ba ta tarbiyyar yara. Masu hotunan 'ya'yansu a gaban jeren suka shiga gogewa suna kiran gida suna bayani. Maganar surau ta mutu ba tare da kowa ya ce ta mutu ba. Asabar ta zagayo na shimfiɗa darduma, na jera ƙananan tebura, na zauna ni da 'yata har aka kira magariba ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da zai ba ku dariya ko haushi, a cikin makon nan ni na sauka wajen Yaya na ba ta haƙuri, wai na jawo sunanta cikin abin kunya tunda tare ake ganinmu a kasuwar. Ta dafa ni ta ce ƙaddara ce, tsohon ne ya cuce mu mu duka, in bar shi da Allah.

Ni kuwa ba mai bari ba ce. Ranar Lahadi na sauke jeren kaf na zuba a jakar bakko, na tafi kasuwar ni kaɗai a karon farko, na dire jakar a gaban tsohon na fara zazzaga masa masifa da Turanci, ko ya ji ko kar ya ji. Sai ya ba ni amsa da Turanci tsaf, wanda ya fi nawa ma. Duk zuwan da nake yi ashe mutumin nan yana jin Turanci, ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba, daga murmushi sai in juya wajen Yaya. Ya ce bai taɓa ɓoye mini komai ba. Ya ce tun ranar farko da ya gan ni da hijabi ya gaya wa ƙawata cewa kayan tallan giya ne, ta tabbatar na sani, don ba ya son rigima. Ita kuma ta ce masa kar ya damu, wannan malamar addini ce, ta fi kowa sanin halal da haram, ba ta bukatar a gaya mata. Ya ce ita ce ma ta roƙe shi ya riƙa ware mini waɗanda babu kwalba babu Turanci, wai na fi son su. Babban tiren kuwa sai da ta sa ya nemo shi wajen wani abokinsa, ta ce tana son wanda ya fi kowanne. Ban san lokacin da na zauna a kan wani akwati ba. Tsohon da na zo zagi shi ya miƙo mini ruwa, ya ce zai karɓi kayan, ya yi ta ba ni haƙuri a kan laifin da ba nasa ba.

Daga tashar jirgi gidanta na wuce. Na same ta a kicin, na faɗa mata inda na fito. Na yi zaton za ta musa, har na shirya rantsuwar da zan sa ta yi, amma ba ta musa ba. Ta kashe murhu ta ce ko na tuna ranar sunan Setapak. Ta ce tun daga ranar ba wanda ya sake neman ta yi masa kek, har yau akwai matan da in ta kai musu abinci sai sun tambaye ta me ta zuba, ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa tambayarta yadda ta kwana da abin ba. Ta ce da farko niyyarta ta bar ni mako guda sannan ta gaya mini mu yi dariya, in ji yadda ake ji. Amma duk ranar da ta ga na gyara wa wata a gaban mutane, sai ta ɗaga kai ta kalli bangona ta ji sanyi, sai ta ƙara mako. Na ce to Alƙur'anin fa. Ta ce ita ba ta ce in ɗora ba. Na ce amma kina gani duk Asabar, da na 'ya'yanki a ciki. Daga nan na juya na fita.

Na ji ciwon watsewar makarantata, amma wallahi bai kai ciwon wannan ba. Da a ranar sunan Setapak ta ja ni ɗaki ta zage ni tas, da ta daina gaishe ni, da na san ina da abokiyar gaba na kiyaye. Amma ta ci tuwona, ta goya ɗana, ta saurari labarin kakata har tana share mini hawaye, sannan ta ɗauki labarin nan ta ɗana mini tarko da shi. Na gwada faɗa wa mata biyu gaskiyar abin da ya faru, suka ce in ji tsoron Allah in daina neman wanda zan rataya wa laifina. Maigidana ya ce in yi haƙuri saura kaɗan mu koma gida. Yaran kuwa sun watse, wasu an haɗa su da malami ta waya, wasu sun zauna haka nan. Na haɗu da ɗaya daga cikinsu a lif ɗin benenmu, yarinyar da na fi ji da ita, na ce ta karanto mini surar da muka tsaya, ta sunkuyar da kai ta ce ta manta.

Na rubuto ne don 'yan uwana mata, musamman masu zaman ƙasashen da ba su iya karanta rubutunsu ba. Kada ki miƙa kunnenki da bakinki gaba ɗaya ga mutum guda, komai kusancinku. Ki yi wa mai kaya magana da kanki, ki tambayi maƙwabciyarki 'yar ƙasa, ba za ki ragu da komai ba. Idan kuma Allah ya ba ki ɗan sani, ki gyara wa mutum a inda daga ke sai shi, don wadda ta yi miki dariya ta ce ta gode ba lallai ta yafe ba. Ke kuma mai riƙo a zuci, ki faɗi abin da ke ranki tun yana ƙarami. Ramuwar da aka yi a kaina ni ta sama, ban musa ba, amma yaran da suka manta karatunsu ba su taɓa yi wa kowa komai ba.

Duk kayan na bar wa tsohon ban da babban tiren, don shi kyauta ce, kuma na ga ya dace ya koma inda ya fito. Na wanke shi, na goge shi kamar yadda nake yi duk Juma'a, na sauka hawanta da shi. Na daɗe a bakin ƙofar ina tuna kakata, har hannuna ya shiga jaka da kansa yana laluben ko alewa ce in ɗora. Sai na zare hannun, na jingina tiren da ƙofarta babu komai a kai, na hau sama.